Tabaran duniyar kwaikwayo a lakwal: abin da ya kamata mu sani kafin a zo mana da tallarsa

A ƴan shekarun nan da wuya ministocin ilimi da ƙwararru su yi taro, a Afirka ko a Turai, su tashi ba su yi zancen sabbin na'urorin koyarwa ba. Wadda ta fi ɗaukar hankali daga cikinsu ita ce wani irin tabarau da ake ɗaura wa ɗalibi a fuska, ya ga kansa a wani wuri dabam alhali yana zaune a kan bencinsa. Masu ƙera shi suna cewa shi ne makarantar gobe. Tun da yake wata rana za a zo mana da tallarsa, kuma in an saya da kuɗin talakawa za a saya, ya kamata ma'aikacin gwamnati da uban ɗalibi su san mene ne wannan abu, me ya iya, me ya kasa.

Yadda yake aiki

A cikin tabaran akwai ƙaramin allon hoto, irin na salula, a gaban idanu. Ana nuna wa kowane ido hoto da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa, kamar dai yadda idanun mutum biyu suke kallon abu daga gefe biyu, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi da nisa. Akwai kuma wasu ƴan na'urori masu lura da motsin kai. In ka waiwaya dama, hoton ya juya da kai. In ka ɗaga kai, ka ga rufi ko sararin sama. Hoton yana sabuntuwa fiye da sau 70 a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mutum yake ji kamar yana tsaye a wurin da gaske.

Dabarar ta daɗe. A shekara ta 1968 wani masani a Amurka mai suna Ivan Sutherland ya ƙera irinsa na farko, wanda sai da aka rataya shi a jikin rufin ɗaki. A 2014 kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera irin wannan tabarau a kan dala wajen miliyan dubu 2. A wannan shekara kuma kamfanin Google ya fito da nasa na kwali, wanda ake saka wa salula a ciki, kuma a 2015 ya buɗe wani shiri mai suna Expeditions don yara su ziyarci ƙasashe da gidajen tarihi daga cikin aji.

Inda ya yi amfani

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma akwai sana'o'in da wannan magana ta tabbata a kansu. Tun 1929 Edwin Link ya ƙera wani akwati da ake koya wa matuƙan jirgin sama tuƙi a ƙasa, domin kuskuren da aka yi a ciki ba ya kashe kowa. A 2002 an yi wani gwaji a jami'ar Yale da likitoci 16 masu koyon fiɗa. Waɗanda suka fara gwada hannunsu a na'urar kwaikwayo sun fi ƴan'uwansu saurin aikin cire maɗaciya da kashi 29 cikin ɗari, kuma kurakuransu sun ragu ƙwarai. Dalili a fili yake: aikin da ke da haɗari, ko tsada, ko wanda ba a samun damar maimaita shi, kwaikwayo yana ba mai koyo damar yi sau goma, sau ashirin, har hannunsa ya faɗa.

Inda ya kasa

Karatun aji kuwa wani abu ne dabam. A 2018 masana biyu a jami'ar Kaliforniya, Jocelyn Parong da Richard Mayer, sun raba ɗalibai kashi biyu don darasin yadda jikin mutum yake aiki. Kashi ɗaya sun shiga cikin jijiyoyin jini ta tabarau, ɗaya kashin kuma sun kalli hotuna da rubutu a allon kwamfuta. Masu tabarau sun fi jin daɗin darasin, amma da aka yi jarrabawa masu hotuna da rubutu ne suka ci. Da aka sake gwaji, aka riƙa tsayar da masu tabarau bayan kowane sashe su taƙaita abin da suka gani da kalmominsu, sai sakamakonsu ya gyaru. A 2019 wani masani na jami'ar Kofanhagen a ƙasar Danmak, Guido Makransky, da abokan aikinsa sun sami abin da ya yi kama da haka a darasin kimiyya. Idan ido ya shagala da kallo, hankali ba ya samun sararin tunani. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa yaro yana iya zuba wa allo ido awa guda ya tashi bai ɗauki komai ba.

Sai kuma maganar dogaro ga kamfani. Shirin nan na Google da makarantu da dama suka sayi kaya dominsa, an rufe shi a watan Yuni na 2021. Kamfani ɗan kasuwa ne: in riba ba ta zo ba, sai ya naɗe tabarmarsa.

Haka aka gani game da ƙananan kwamfutoci. A 2005 Nicholas Negroponte ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa. Ƙasar Peru ta sayi fiye da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya binciki makarantun ƙauye 319, ya tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, amma ba su ƙaru ba a lissafi da karatu. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 ya ɗora laifin a kan raba kaya ba tare da an shigar da su cikin hanyar koyarwa ba.

Abin da ya taɓa faruwa a gida

Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙasashen farko a Afirka da suka gwada koyarwa da na'ura. A 1964 aka fara telebijin na makaranta a Yamai tare da taimakon Faransa, kuma daga 1966 ana watsa darussa zuwa makarantu wajen 20 na kewayen birnin, masu ɗalibai kimanin 800. Masu kula da azuzuwan samari ne masu takardar gama firamare da aka yi wa horo na ƴan watanni. Inda babu lantarki har da hasken rana aka kunna akwatunan. Baƙi daga ƙasashe da dama sun zo sun gani, sun yaba da yadda yaran suke son zuwa lakwal da yadda bakinsu ya buɗe da faransanci.

Duk da haka shirin bai game ƙasa ba. Ya yi tsada, ya dogara ga ƙwararru da kuɗin waje, ya kuma daɗe yana tafiya a gefen sauran makarantu kamar baƙo. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, a lokacin da aka buɗe telebijin na ƙasa. Kodibuwa ta fara nata a 1971, wanda ya fi namu girma nesa ba kusa ba, ta kuma rufe shi a farkon shekarun 1980 bayan koke-koken iyaye da malamai. A ƙasashen biyu na'urar ta yi aikinta. Abin da ya gagara shi ne kuɗin riƙe ta, da masu gyara, da amincewar malamai.

Mu yi lissafi

Tabarau mai sauƙin kuɗi da ya fito a 2020 an sayar da shi dala 299, wato fiye da jaka 150 na sefa. Aji mai yara 60 zai ci fiye da miliyan 9, ban da kuɗin sufuri, da intanet, da gyara. Batirinsa yana ɗaukar awa biyu zuwa uku, sannan sai an yi masa caji. A ƙasarmu kuwa, bisa ƙididdigar Bankin Duniya ta ƴan shekarun nan, kimanin mutum 1 ne cikin 5 yake samun wutar lantarki, a karkara ma abin bai kai haka ba. Ga ƙura, ga zafin bazara. Wasu mutane kuma tabaran yana sa su jiri da tashin zuciya, su ma masu ƙera shi ba su yarda a sa wa ƙananan yara ba.

Kada mu manta da halin da azuzuwanmu suke ciki. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara irinta ta auku a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. A lokacin hukuma ta ƙidaya azuzuwan zana wajen 36,000 a faɗin ƙasa. Duk jakar da za a kashe a kan tabarau, sai a auna ta da bulo, da benci, da littafi, da albashin mushe.

Saura maganar harshe. Mafi yawan darussan da aka shirya wa waɗannan na'urori da ingilishi suke, kaɗan da faransanci. Mu kuwa tun 1973 muka buɗe makarantar gwaji ta farko da hausa a Damagaram, domin mun gane yaro ya fi fahimta da harshen da ya sha a nono, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗauki hausa a matsayin harshen ƙasa. Na'urar da za ta yi wa yaro magana da harshen da shi da malaminsa ba sa ji, kallo kawai za ta ba shi.

Hanyar da muke gani

Wannan bayani ba ya nufin mu juya wa zamani baya. Abin da muke so shi ne a sa kowane abu a muhallinsa. In za a gwada tabaran, a fara da manya masu koyon aikin hannu mai haɗari: makarantun ungozoma da ma'aikatan lafiya, da na koyon aikin lantarki, da makarantar ma'adinai ta Agadas. A can ƴan tabarau kaɗan sun ishi ɗalibai da yawa, kuma akwai wuta.

Na biyu, a fara da horar da malamai a makarantun koyon malanta, tun da gwajin Kaliforniya ya nuna tambayar da ake yi wa ɗalibi bayan kallo ita ce take mayar da kallo ilimi.

Na uku, kada a sa hannu a kan takardar ciniki sai an rubuta wa zai gyara, wa zai biya bayan mai ba da taimako ya tafi, da kuma yadda za a auna sakamako ta hanyar kwatanta ajin da ya samu da wanda bai samu ba.

Na huɗu, matasanmu na jami'a su ɗauki hotunan abin da muke da shi, su yi masa bayani da harsunanmu: raƙuman dawa na Kure, da zanen duwatsu na Dabus, da masallacin Agadas, da fadar Sarkin Damagaram. Yaron Diffa da ya ga waɗannan, ko a tabarau ko a salular malaminsa, ya ƙara sanin ƙasarsa.

Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi rubutu a kan ilimi a Afirka tun 1964, ya kuma ƙare rayuwarsa yana binciken yadda za mu ci amfanin hasken ranarmu. Irin wannan tafiya ce ta dace da mu: mu karɓi fasaha da hannu biyu, amma mu fara tambayar wace matsala tamu za ta warware. Iyaye kuma, in aka zo ƙauyenku da sabuwar na'ura, ku tambayi mushe abu ɗaya a ƙarshen shekara: yaron nan ya iya karanta wasiƙa, ya iya lissafin kuɗin hatsi? Allah ya sa mu dace.