Man shafawa na cikin fim: a karanta kwali kafin a saya

Kwanan baya, a wata kasuwar ƙauye ta jihar Maradi, na tsaya wurin wani mai tebur. Sai ga wata amarya ta miƙa masa wayarta. A ciki akwai hoton da ta tsayar daga wani fim na Kano: ƴar wasa zaune gaban madubi, da wata farar kwalba a gefenta. Ta ce: «Malam, irin wannan man nike so.» Sunan man bai fito ba a hoton. Mai tebur ya ɗauko wani man na daban, ya ce shi ne. Ta biya jika biyu, ta tafi tana murna.

Ƴan uwa masu karatu, wannan ciniki bai yi mini daɗi ba. Fuskar da muke gani a tele ba aikin mai ba ce. Kafin a ɗauki hoto, ana shafa wa ƴar wasa hoda, a haska ta da manyan fitilu, daga baya kuma a gyara launin hoton da kwamfuta. Ita kwalbar ma, sau da yawa kamfani ne yake biyan kuɗi don a ajiye ta inda ido zai gan ta. Yana yiwuwa ƴar wasan ba ta taɓa buɗe ta ba.

A Indiya, taurarin fim sun daɗe suna tallar man Fair & Lovely. A shekarar 2020, da ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya sake masa suna zuwa Glow & Lovely.

Abin da ya kamata a gane shi ne abin da ke cikin kwalbar. A bayan kwali akwai ƙaramin rubutu ƙarƙashin kalmar «ingrédients» ko «composition». Wanda ya san baƙaƙe yana iya neman sunaye a wurin, ko da bai ji faransanci ba.

In kin ga «hydroquinone», ki ajiye. Yana sa fari da farko. In an daɗe ana shafa shi, baƙin tabo yana fitowa a kumatu, kuma da wuya ya goge. «Clobétasol» da «bétaméthasone» kuwa magunguna ne masu ƙarfi da likita ke rubutawa don ciwon fata, na ƴan kwanaki. Wadda ta mai da su man kullum, fatarta tana raguwar kauri, nankarwa da ƙuraje su fito, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Suna iya kawo hawan jini da ciwon suga. Mafi muni shi ne «mercure», wato zaiba. Tana ɓata ƙoda, tana kuma kai wa ga ɗan da ke cikin ciki da wanda ke shan nono. Saboda irin waɗannan illoli ne ƙasar Kodebuwa ta hana mayukan sa fari a 2015, Gana kuma ta hana masu «hydroquinone» a 2016.

Haɗin da ake zubawa a roba marar rubutu, wannan babu mai sanin abin da ke ciki, har mai sayarwa.

Mu maza ma da laifinmu. Maigidan da ke kallon fim yana yaba farar mace a gaban matarsa, shi ne ya tura ta wurin mai tebur. Alhali matar nan tana wuni a gona ko a bakin rijiya, kuma baƙin fatarta ne ke kare ta daga ƙunar rana.

Wadda ta daɗe tana shafa irin waɗannan mayuka, kada ta yanke shawara ita kaɗai. Ta ɗauki kwalin ta je gidan likita, domin mai «clobétasol» a hankali ake barin sa. Don bushewar jiki lokacin hunturu kuwa, man kaɗe ya isa.