Madogara a Intanet: Alƙawarin da Ke Buƙatar Mai Riƙo

Tun zamanin malaman da suka gabata, ilimi ba ya karɓuwa sai da madogara. Wanda ya ce "wane ya faɗa", wajibi ne ya nuna inda aka faɗa. To, yau da mujallun bincike suka koma intanet, adireshin da marubuci ya dogara da shi bana yakan ɓace baɗi. Wani nazari da masana na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2014 ya gano cewa kimanin rabin adireshin intanet da Kotun Ƙolin Amurka ta ambata a hukunce-hukuncenta ba sa kai mai karatu ga abin da aka nufa.

Domin maganin irin wannan matsala ne manyan kamfanonin ɗab'i suka kafa ƙungiyar Crossref a 2000. Kowace maƙala ana yanka mata lambar shaida ta dindindin, wato DOI, wadda ke farawa da 10. Idan mujalla ta sauya gida, mawallafi zai sanar da sabon adireshi, lambar kuma tana nan daram. Ta haka ake bin sawun ambato daga maƙala zuwa maƙala.

Sai dai a ganina, mutane sun ɗora wa lambar nan nauyin da ba nata ba. Aikinta nuna hanya kawai, adana rubutu kuwa aikin wasu ne. Binciken Martin Eve na 2024 a kan maƙaloli sama da miliyan 7 masu lambar ya nuna cewa kusan kashi 28 cikin 100 ba su cikin manyan rumbunan adana rubuce-rubuce. Ranar da mawallafi ya rufe shago, sai lambar ta kai mutum kango.

Wannan ya shafe mu kai-tsaye. Malaman jami'o'inmu na rubutu a mujallun sassa da tsangayoyi domin ƙarin girma, amma maƙalar da ba a iya gano ta, wa zai ambace ta? Dandalin AJOL, wanda ya fara aiki a 1998, ya taimaka wajen fito da mujallun Afirka fili, amma sauran aikin na gida ne.

Don haka ina kira ga hukumomin jami'o'i da asusun TETFund da su sanya sharuɗɗa biyu kafin tallafa wa kowace mujalla: ta yi rajistar lambar, ta kuma ajiye kwafin kowace maƙala a rumbu amintacce. Allah ya sa masu kunne su ji.