Layin da ya ratsa ƙasar Daura

Da za a tambayi kakanninmu inda ƙasar Daura ta tsaya, ba takarda za su ɗauko ba. Garuruwa za su lasafta: wane ke kawo gaisuwar salla, wane ke kai haraji, wane ke turo dawakai in an buga tambari. Ko labarin Kusugu da muka sha ji a bakin tsofaffi, na Bayajida da macijiya da Daurama, ai lissafin dangi ne, yadda Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram suka haɗa kaka. A ka ake riƙe wannan taswira.

Iyakar ma tafiya take da ƙarfin sarki. Bayan jihadi Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, sarakunan Haɓe suka kafa Zango da Baure, daga baya suka shiga inuwar Damagaram. Daura uku a zamani guda! Kada kuma yaranmu su ɗauka ba mu san zane ba: a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Clapperton taswira mai nuna garuruwa da hanyoyi da gulabe.

Sai ga Turawa da alƙalaminsu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa ta bakin Tafkin Chadi, ƙasar da masu zanen ba su taɓa shan ruwanta ba. Aka sake shi a 1898, Faransawa suka koka cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Ƙishirwa ba ta san yarjejeniya ba. Dole aka turo layin kudu a 1904 da 1906, sannan jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi gari gari suna kafa alamomi har 1908. A wannan tsakanin ne Ingilishi suka ɗauko Malam Musa, jinin sarakunan Haɓe, daga Zango suka ɗora shi gadon Daura, amma Magarya da Kance suka faɗa hannun Faransa.

Mun manta cewa shekarun layin nan ba su kai na wasu kukokin garinmu ba. Yau mace za ta tashi daga Mai'aduwa za ta sunan jikarta a Maimujiya, a Kongolam a ce mata ƙasar waje za ta. Da aka rufe iyaka a 2019, ba kayan fatake kaɗai suka tsaya ba, har da na biki.