Kuɗi a Abuja, fili a hannun gwamna

'Yan'uwa matasa, cikin waɗanda suke zuwa wurina neman shawara kafin aure, abin da ya fi ɗage musu ranar biki shi ne kuɗin haya. Mai gida na neman na shekara guda a dunƙule, wani ma na shekara biyu, ga ladan dillali a gefe. Saboda haka duk sa'ad da kuka ji 'yan siyasa suna cacar baki a kan gidaje masu sauƙin kuɗi, ku kasa kunne, maganarku ake yi.

Rigimar ta girmi yawancinku. Da Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, ya ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, a jihohi 19 na lokacin. Unguwannin Shagari da kuke gani a garuruwanmu daga nan suka samo suna. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta riga ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Kuɗi na tarayya, fili na jiha, jam'iyyu kuma ba sa ga maciji da juna. Wasu jihohi suka ba da fili can bayan gari, ba hanya, ba ruwa, ba wuta. A Oyo, gwamnatin Bola Ige har rushe wasu gine-ginen ta yi. Shi kuwa Lateef Jakande na Legas, ɗan adawa ne shi ma, amma ya duƙufa ya gina dubban gidaje da kuɗin jiharsa, har yau mutane na cikinsu.

A ganina wannan tsohon ciwo ne yake cin Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, a ba Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, da alkawarin rance mai ruwan kashi 6 cikin ɗari. A takarda abin gwanin sha'awa. To amma rancen na bukatar takardar mallakar fili, ita kuma sai da sa hannun gwamna. Malamar asibiti ko ma'aikacin ofis zai shekara ashirin ana yankar masa albashi, ya yi ritaya yana gidan haya. Mai ɗinki da ɗan acaɓa kuwa, ba su ma san inda ƙofar take ba.

Ban ce gwamnati ta tsame hannunta ba. Ɗan kasuwa ba zai gina wa mai ƙaramin albashi gida ba, don ba riba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da rufin talaka allon rubuta sunan jam'iyya.

In ɗan takara ya zo da alkawarin gidaje dubu kaza, kada adadin ya ruɗe ku. Ku tambaye shi ina filin yake, wa zai ja ruwa da hanya, nawa za a riƙa biya a wata, kuma cikin wata nawa takardar fili za ta fito daga ofishin gwamna.