Sharhi: Waya mai babbar fuska, kayan aikin ɗan kasuwa ce ko mai cin jarinsa?

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako da Wadata a Yamai a ƴan shekarun nan, zai lura da wani abu da babu shi a da: kusan kowace rumfa akwai mai riƙe da waya mai faɗin tafin hannu, yana shafa ta da yatsa, wani lokaci ma mai saye na tsaye yana jira. Masu tebur na sayar da salula su ma sun daina yi wa mutum maganar layi biyu ko tocila, abin da suke fara faɗa shi ne girman fuskar. To ganin cewa kuɗin wannan waya ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin jari, ya kamata mu zauna mu yi mata lissafi irin wanda muke yi wa buhun shinkafa ko turmin atamfa kafin mu saro shi.

Da farko dai, mene ne ake kira babbar fuska? Ana auna ta da inci, daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen, kuma inci guda santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Wayar iPhone ta farko da ta fito a Amurka a shekarar 2007 tana da inci 3 da rabi. Lokacin da kampanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da Galaxy Note a 2011 mai inci 5,3 mutane da dama dariya suka yi, suna cewa wa zai kara wannan allo a kunne. A 2014 kampanin Apple da kansa ya bi sahu da mai inci 5 da rabi. Yau kuwa wayoyin Tecno da itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu galibinsu daga inci 6 da rabi suke farawa. Sunaye uku ne amma gida ɗaya ne, wato kampanin Transsion na birnin Shenzen a ƙasar Sin, wanda ke riƙe da kusan rabin cinikin wayoyin shafawa a Afirka. Ke nan mai saye a yau ba shi da wani zaɓi mai yawa: in dai wayar shafawa ce sabuwa, to babba ce. Zaɓin gaskiya yana tsakaninta da ƙaramar waya mai maɓalli, irin wadda muka saba da ita tun zuwan Celtel ƙasar nan a 2001.

Amfaninta na farko, kuma mafi girma a ganina, shi ne ta mayar da ciniki na gani da ido ba tare da an hau mota ba. Mai sayar da shadda da leshi a Maraɗi ba sai ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya ta kwana a Kano ba kafin ta san sabon zanen da ya sauka Kantin Kwari. Dillalinta ya ɗauki hoto ya turo, ta buɗe shi da yatsu biyu ta ga zaren da adon. Mai albasa a Galmi yana nuna wa mai saye a Akara ko Abijan girman ƙwayar da launinta kafin a ɗora buhu a mota. Mai raguna gab da Layya haka. Wannan bai zama dole ba sai daga shekarar 2023. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, Nijeriya ba ta buɗe nata ba sai a watan Maris na 2024, gadar Gaya da Malanbil kuwa ta kasance a rufe har cikin 2025, kayan da suka saba fitowa daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Ɗan kasuwar da ya saba bin kayansa da ƙafarsa ya koma bin su da hoto da saƙon murya. A daidai wannan lokaci ne kuma naira ta faɗi: dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a farkon watan Yunin 2023 ta haura 1.500 a watan Fabrairun 2024. Wanda ke saro kaya da naira ya sayar da sefa, in bai san canjin safiya ba, yamma na iya yi masa da asara.

Amfani na biyu ba a cika faɗarsa ba, alhali shi ya fi shafar iyayenmu mata. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su karatun boko, kuma waya mai maɓalli ta mai karatu ce: sai ka san haruffa kafin ka nemo suna. A babbar fuska Hajiya na gane mai kiranta da hotonsa, ta danna alamar makirfo ta yi maganarta da Hausa ko Zabarmanci ta tura. Manhajar WhatsApp ta kawo saƙon murya tun 2013, kuma ina iya cewa babu abin da ya shigar da matan kasuwa cikin intanet kamarsa. Ga kuma maganar ido. Daga shekara 40 zuwa sama idon mutum kan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, wannan halitta ce ba ciwo ba. A kan babbar fuska ana iya ƙara girman lambobi, kuma duk wanda ya taɓa tura jika 50 a maimakon jika 5 saboda sifiri guda ya san darajar wannan.

Shi kansa girman jikin yana ba da wurin saka babban batir. Yawancin waɗannan wayoyi batirinsu mai ƙarfin 5.000 ne a ma'aunin da ake rubutawa a kwali, alhali na ƙananan Nokia da muka sani bai wuce wajen 1.000 ba. Amma a nan ne mai tebur ke faɗar rabin magana. Fuskar ita ce ta fi kowane sashe na wayar shan wuta. Ƙaramar Nokia da batirinta na 1.000 tana kwana huɗu ko biyar, babbar waya da 5.000 ɗinta da ƙyar take ganin safiyar gobe in ana aiki da ita. Mai zama a inuwar bitiki da sauƙi. Mai kasa kaya a rana kuwa dole ta ƙure hasken fuskar kafin ta ga komai, hasken na cin batir, wayar na ɗaukar zafi. Kampanin Apple da kansa ya rubuta cewa wayoyinsa an yi su ne domin aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna wuce 40 a Tawa da Ƙonni da Yamai. Zafi na tsufar da batir, shi ya sa za ka ga waya ba ta shekara biyu ba bayanta ya kumbura. Wanda ya ga haka ya daina cajinta, ya kai a canza batirin, don yana iya kamawa da wuta.

Sai kuma a tambaya: wutar ina take? Kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a ƙasar nan. Waɗanda ke da ita a birni ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke layin da ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu. An kunna tashar hasken rana ta Gorou Banda a ƙarshen wannan shekara, an ɗage takunkumi a 2024, amma har yanzu lokacin zafi kowa ya san yadda ake ciki. Mai babbar waya da ba ta da wuta a gida kullum sai ta kai wa mai caji. Mu ce dala ashirin a rana: jika 3 ke nan a wata, jika 36 a shekara, ba a yi maganar mega ba tukuna.

Abin da ya fi cin jari dai shi ne gilashin. Fuskar inci 6,6 tsawonta ya kai santimita 15, faɗinta kusan 7, wato ta kusa ninka ta iPhone ɗin farko sau uku. Gilashi ne tun daga sama har ƙasa, babu wani baki mai kauri da zai tare shi, nauyin wayar kuma ya kusa giram 200, ninki biyu na ƙaramar waya ko fiye. Hannu ɗaya ba ya riƙe ta da kyau, ga shi mai kasuwa kullum hannunta ɗaya na kan mudu ko yana ba da canji. Ba ta ɗauruwa a bakin zane, ba ta shiga lalita, a aljihun wando kuwa in an zauna kan kabu-kabu sai ta tanƙware. Ta faɗi sau ɗaya a kan siminti, an gama. Ku tambayi kowane mai gyara, zai gaya muku aikin da ya fi yi shi ne canza fuska, kuma fuskar da zai sa sau da yawa ba ta kai ta asali haske da jin yatsa ba. Irin fuskar da ake kira AMOLED, mai kyawun launi, canjinta ya fi na gama-gari tsada nesa ba kusa ba. Shawarata ga duk mai niyya: kafin ki tambayi kuɗin wayar, je ki layin masu gyara ki tambayi kuɗin fuskarta, da kuma ko ana samunta a garin. Wayar da sai an aiko da gilashinta daga Kano ko Dubai, sati biyu ke nan babu ciniki.

A tuna mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun watan Janairun 2024. Sabuwar babbar waya ko ta talaka ce tana cin kusan wannan ko fiye. Ga mai sayar da tumatir da tattasai, ko mai fura, ko mai ƙosai, wannan shi ne jarin gaba ɗaya, kuma abokan cinikinta a gabanta suke, ba su buƙatar hoto. Ban ga dalilin da zai sa ta kwashe adashinta na wata shida ta zuba a gilashi ba, sai dai in gasar biki ce, wadda kuwa ba a nan za mu yi maganarta ba. Amma mai atamfa, mai takalma da jakunkuna, mai kayan ɗaki na amare, mai turaren wuta da ke aikawa wasu garuruwa, waɗannan wayar ce rumfarsu ta biyu, tun da WhatsApp ya kawo wurin baje hoto na awa 24 a 2017. Ko su ma su yi hattara da launi: shuɗin da aka gani a fuska ba lalle ya zama shuɗin da zai fito daga cikin ɗauri ba, domin kowace waya da yadda take ƙawata hoto. Gara a ce wa dillali ya ɗauka a hasken rana, tare da lambar zanen.

Akwai wani ruɗi da ya kamata a warware. Girman fuska ba shi ne ƙarfin waya ba. Ana iya samun waya mai inci 6,7 amma cikinta na ƙaramar waya ne, ta riƙa tsayawa in an buɗe hotuna da yawa. Abin dubawa shi ne lambobi biyu da ke jikin kwali: na wurin ajiya, kamar 64 ko 128, da na ƙwaƙwalwar aiki, kamar 3 ko 4. In aka rubuta 4+4, huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga wurin ajiya kuma bai kai shi sauri ba. Mai shiga zaurukan ƴan kasuwa goma, inda ake zuba hotuna da bidiyo dare da rana, 64 ba ta yi mata nisa. Bidiyon nan kuma shi ke cinye mega. Fuskar ba ta cin mega da kanta, jan mutum take yi zuwa kallo. Wadda ta sayi waya don ciniki sai ta tarar rabin kuɗin katinta TikTok ya tafi da shi, ko yara sun ƙarar da dare. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Minti biyu ne aikin, kowane ɗan lakwal zai iya yi wa mahaifiyarsa.

Sannan sirri. Abin da ya sa kike ganin lamba da kyau shi ne ya sa na kusa da ke ma yake ganinta. A cikin cunkoson kasuwa, ko a layin Nita da Amana da Al Izza, mai tsaye a bayanki na iya karanta lambar sirrinki da abin da ya rage a asusunki, maƙwabcin rumfa kuma ya ga farashin da dillali ya ba ki. Ana sayar da wani gilashin kariya mai duhu wanda ba a ganin rubutu ta gefe, sai dai yana rage haske, ga mai zama a rana wata wahalar ce. Ɓarawo ma babbar waya yake hange, ita ce ke leƙowa daga aljihu, ita ce kuma ke da kasuwa. Wani abin kuma, hoton rasi ba kuɗi ba ne. Yadda fuska ke nuna shi tsaf da tambari da sa hannu yana sa mutum ya saki jiki, alhali gyara hoto ya zama wasan yara. Kar a saki kaya sai saƙo ya shigo layinka, ko ka karɓi kuɗinka a hannu.

Dabarar da na ga manyan ƴan kasuwa da yawa sun koma yi ita ce ta waya biyu, kuma ina ganin ita ta fi dacewa da halin da muke ciki. Layin da ke ɗauke da kuɗi da kiran abokan hulɗa yana cikin ƙaramar waya mai maɓalli, tunda tura kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money da lambobin tauraro ba ya buƙatar intanet. Babbar kuwa tana cikin jaka ko aljihun tebur, a fito da ita lokacin hoto da saƙo. In an sace ɗaya ko ta fashe ko wutarta ta ƙare, ciniki bai tsaya ba. Ranar sayen babbar, a danna *#06# a gaban mai tebur: lambobi 15 za su fito, a gwada su da na jikin kwali, a sa ya rubuta su a kan takardar saye. Ita ce shaidar da za a nema a wurin ƴan sanda in waya ta ɓata, ita ce kuma za ta fitar da mutum in ya sayi ta hannu daga baya aka ce ta sata ce.