Hamayya Ba Gaba Ba Ce

Ran 23 ga watan Yuni na shekarar 1981, Majalisar Dokoki ta Jihar Kaduna ta tsige Gwamna Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa daga kan mulki. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Bayan shekara 43, watau cikin watan Yuni na 2024, majalisar nan dai ta karɓi rahoton wani kwamiti nata wanda ya zargi gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i da ɓarnatar da dukiyar jiha, alhali kuwa gwamnan ya riga ya sauka da shekara guda. A karo na farko majalisa ta yi wa gwamna taron dangi har ta hana shi aiki. A karo na biyu kuwa ta yi gum sai da mai kujera ya tashi. Aikin ɗan hamayya na gaskiya yana tsakanin waɗannan biyu, kuma maganar ta shafi mutanen Kafanchan da sauran kudancin Kaduna ƙwarai da gaske, na gida da waɗanda neman abinci ya kai su Ikko da Badun da Fatakwal.

Da farko dai ya kamata a san abin da ya sa ake ajiye 'yan hamayya a majalisa har ana biyansu albashi. Kuɗin da gwamnati take kashewa na jama'a ne, kuma wanda ya riƙe jaka ba shi ne zai binciki kansa ba. Saboda haka ne a Ingila aka kafa kwamitin binciken kuɗin gwamnati tun 1861, kuma al'ada ta zaunu a kan cewa ɗan hamayya ne yake shugabancinsa. Tun daga 1937 kuma doka ta yanka wa shugaban 'yan hamayya albashi a can, don a nuna cewa sukar gwamnati a cikin majalisa aikin ƙasa ne. Nijeriya ta gaji wannan tsari. A zamanin Jamhuriya ta ɗaya ministocin Sardauna suna zaune a cikin zauren Lugard a Kaduna tare da sauran wakilai, kuma dole su tashi su amsa tambayoyin wakilan NEPU da UMBC da AG, irin su Alhaji Ibrahim Imam wanda ya shugabanci 'yan hamayya a wannan majalisa. 'Yan hamayyar ba su da yawa, amma tambayarsu tana shiga littafin majalisa, jaridu kuma suna bugawa.

Daga 1979 aka koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. A wannan tsari kwamishinoni ba sa zama a majalisa, don haka ba a samun su kullum a yi musu tambaya. Amma fa tsarin mulki bai bar wakili hannu sake ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba majalisa ikon amincewa da kasafin kuɗin jiha kafin ya zama doka. Ba a naɗa kwamishina sai da yardarta. Sashe na 125 ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon yin bincike, da kiran kowane ma'aikaci ya zo da takardunsa, da sa a kamo wanda ya ƙi zuwa. Makami na ƙarshe shi ne tsige gwamna, wanda sashe na 188 ya tanada. Waɗannan su ne kayan aikin ɗan majalisa, kuma yadda ya yi amfani da su shi ke nuna ko wakilin jama'a ne ko kuwa wakilin cikinsa.

To, a dubi abin da ya faru a 1979. A lokacin Jihar Kaduna ta haɗa har da Katsina, tun daga Daura har zuwa Jema'a. Jama'a suka zaɓi Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama gwamna, ya ka da Alhaji Lawal Kaita na NPN, amma a majalisa mai kujera 99 sai NPN ta sami kusan kashi biyu cikin uku. Watau jam'iyyar da ta faɗi zaɓen gwamna ita ce take riƙe da majalisa. Da an yi hankali, da wannan ya zama alheri, domin kowane ɓangare zai sa wa ɗan'uwansa ido. Sai dai abin ya zama ramuwar gayya. Duk sunayen da gwamna ya aika don naɗa kwamishinoni majalisa ta yi watsi da su, shi kuma ya ƙi ɗaukar 'yan NPN cikin gwamnatinsa. Jiha ta yi wata 20 da ɗoriya ba ta da kwamishina ko ɗaya. Daga ƙarshe aka tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Balarabe ya kai ƙara, kotu ta ce sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya hana ta sa baki a maganar tsigewa.

Mene ne manomin citta na Kwoi ko ma'aikacin reluwe na Kafanchan ya samu daga wannan rigima? Ikon tantance kwamishina an ba majalisa ne don ta duba cancantar mutum da amanarsa. Da aka mai da shi sandan dukan gwamna, sai ma'aikatu suka zauna ba shugabannin siyasa da za a kira a tuhuma, majalisar kuma ta hana kanta mutanen da za ta yi wa tambaya. Lawal Kaita ya ci zaɓen gwamna a 1983, amma wata uku kawai ya yi, soja suka kifar da mulkin farar hula ran 31 ga Disamba, suka rufe majalisu duka, na masu rinjaye da na 'yan hamayya.

Darasi na biyu ya fi kusa. Daga 1999 zuwa 2015 jam'iyyar PDP ce ta mulki Jihar Kaduna, kudancin jihar kuwa yana cikin masu ba ta ƙuri'a sosai, har ɗan yankin, Patrick Ibrahim Yakowa, ya zama gwamna a 2010 kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Disamba 2012. Da APC ta karɓi mulki a 2015, sai mazaɓar Kaduna ta Kudu, mai ƙananan hukumomi takwas, ta tsinci kanta a ɓangaren hamayya. A ƙarshen 2016 kashe-kashe suka tsananta a Jema'a da Ƙaura da Zangon Kataf, aka kafa dokar hana fita, aka rufe manyan makarantun Kafanchan da Gidan Waya na tsawon watanni. Sanata Danjuma La'ah na PDP ya kai maganar Majalisar Dattawa, aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sanata Kabiru Gaya a farkon 2017. Da kwamitin ya kawo rahoto, sanatoci suka mayar masa da abinsa, suka ce bai yi zurfi ba. Wannan bai dawo da ran kowa ba, Kirista ko Musulmi, manomi ko makiyayi. Amma ya tilasta wa hukuma ta yi bayani a bainar jama'a, kuma abin da wakili ɗaya tak zai iya yi ke nan in ya tashi tsaye.

Sai kuma maganar bashi. A watan Maris na 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa Jihar Kaduna ta ciyo bashin Dala miliyan 350 daga Bankin Duniya. Sanatocin jihar su uku duka sun ƙi: Shehu Sani da Suleiman Hunƙuyi na APC, da La'ah na PDP. Hujjarsu ita ce, in aka cire Ikko, babu jihar da ta kai Kaduna bashin ƙasashen waje. Gwamnatin jiha ta ce bashi ne mai sauƙin ruwa, kuma za a yi wa jama'a aiki da shi. Kowa ya sani a lokacin biyu daga cikin sanatocin suna takun saƙa da gwamna, saboda haka ba za a ce siyasa ba ta shiga ba. Amma ana auna tambaya ne da nauyinta, ko da mai yinta yana da wata manufa. Tambayar kuwa ita ce: bashin Dala, da wace Naira za a biya?

Bayan zaɓen 2019 sabuwar Majalisar Dattawa ta amince da bashin. A 2018 Dala ɗaya tana kan Naira 305 a farashin gwamnati, watau bashin ya kama Naira biliyan 107. Da Dala ta kai Naira 1,500 a 2024, sai wannan bashi ɗaya ya koma Naira biliyan 525. A ƙarshen Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa wa taron jama'a a Kaduna cewa ya gaji bashin Dala miliyan 587 da Naira biliyan 85, kuma daga Naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a watan, an cire biliyan 7 don biyan bashi. Daga nan ne majalisar jiha ta kafa kwamitinta, har shugabanta ya ambaci Naira biliyan 423. Malam Nasiru El-Rufa'i ya musanta zargin, ya ce bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa, ya kuma garzaya kotu. Zargi dai zargi ne, kuma yanke hukunci aikin alƙali ne.

Abin tambaya a nan ya shafi majalisar ce ita kanta. Shekara takwas tana zaune tana amincewa da kasafin kuɗi kowace shekara, sashe na 128 yana hannunta, rahoton mai binciken kuɗi kuma wurinta doka ta ce a kai. In akwai ɓarna, ina take lokacin da ake yi? In kuma babu, me ya sa sai da aka ɓata tsakanin manya sannan ta farka? Ko ta wace fuska aka duba, binciken da ya jira sai gwamna ya sauka ihu ne bayan hari. Hausawa suka ce tun ran gini, tun ran zane. 'Yan hamayya ma ba su tsira daga wannan laifi ba, domin ƙarancin kujera yana hana mutum cin ƙuri'a a majalisa, amma ba ya hana shi neman takarda, ko sa a rubuta cewa bai yarda ba, ko kiran 'yan jarida ya karanta musu lissafi.

Haɗari na uku shi ne sauya sheƙa. A ƙarshen 2025 Sanata Sunday Marshall Katung, wanda Kaduna ta Kudu ta zaɓa a PDP a 2023, ya koma APC. Hujjar da masu sauya sheƙa suka saba bayarwa ita ce sai a inuwar gwamnati ake samun aiki. Amma fa amincewa da kafa jami'ar tarayya a Kachia da cibiyar kiwon lafiya ta tarayya a Kafanchan, duk an yi su ne a 2025 tun sanatan yana PDP. Ashe ke nan zama ɗan hamayya bai hana yanki samun haƙƙinsa ba. Sashe na 68 da na 109 na tsarin mulki sun ce wakilin da ya bar jam'iyyar da ta tsai da shi zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Kowane ɗan siyasa yana da 'yancin shiga inda yake so. Amma in kowa ya koma ɓangare ɗaya, wa zai tashi ya tambayi nawa aka ware wa asibitin nan, nawa aka saki, wa aka ba kwangila?

Saboda haka ya wajaba wakilan kudancin Kaduna, ko a wace jam'iyya suke, su riƙe abu uku. Su karanta kasafin kuɗi layi-layi kafin su ɗaga hannu, su kuma bi sawun kowane aiki da aka rubuta wa Jema'a ko Sanga ko Kauru. Su dage a ba ɗan hamayya shugabancin kwamitin binciken kuɗi a majalisar jiha, kamar yadda aka saba a Majalisar Tarayya, a kuma buga rahotonsa kowa ya gani. Sannan su yi tambayarsu tun gwamna yana kan kujera, da takarda a hannu, ba tare da zagi ko ingiza ƙabilanci da addini ba. Ita kuma gwamnati ta tuna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Su kuwa 'yan Arewa mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba da Obalende da Sabon Badun, suna da nasu rabon. Su ne suke aika kuɗin makaranta da na magani gida, kuma duk Nairar da bashi ya cinye, a aljihunsu ake cike gurbinta. Ƙungiyoyinsu na ci gaban gari suna da murya, 'yan siyasa kuma suna zuwa gaishe su in zaɓe ya ƙarato. In wakili ya zo taronsu, ko sun same shi a gida lokacin Kirsimeti ko Sallah, kada maganar ta tsaya ga buhun shinkafa da gudummawar gini. Su tambaye shi sau nawa ya tashi a majalisa, wane kwamishina ya sa aka kira, kuma wane ɓangare ya bi ranar da aka kawo maganar bashi. Albashinsa daga kuɗinsu ya fito, kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.