Sinadaran jini na ɗakin gwaji ba za su maye gurbin ba da jini ba

A shekarar 2025 hukumomin ƙasar Sin suka amince da wani furotin na jinin ɗan Adam mai suna albumin, wanda wani kamfani na birnin Wuhan yake samarwa daga ƙwayar shinkafa. Da ma masu binciken magunguna sun daɗe suna amfani da irinsa wajen rainon ƙwayoyin halitta, domin ingancinsa ba ya sauyawa kamar wanda ake tacewa daga jinin mutane daban-daban.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ana ɗauko ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera furotin ɗin, a dasa ta cikin yis ko tsiro ko ƙwayoyin wani nau'in ɓera, su kuma su yi ta samar da shi. Ta haka aka samu sinadarin daskarar da jini na takwas, wanda Amurka ta amince da shi a 1992. Kafin nan masu cutar rashin tsayawar jini sun sha wuya: binciken da Birtaniya ta fitar a 2024 ya nuna fiye da mutum 30,000 ne suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta gurɓataccen jini da magungunan da aka tace daga gare shi, kimanin 3,000 kuma sun rasu.

To amma me wannan zai tsinana wa 'yan'uwanmu na Hindawiyya a Jidda, waɗanda rusau na 2021 zuwa 2022 ya warwatsa da yawansu zuwa wasu unguwanni? A ganinmu kaɗan ne, domin babbar larurarmu ta jini ita ce sikila. Ita ma Saudiyya tana fama da ita, shi ya sa tun 2004 ta wajabta gwaji kafin aure.

Mai sikila kuwa jajayen ƙwayoyin jini yake bukata, waɗanda har yanzu ba a iya ƙera su da yawa ba. A gwajin da aka fara a Ingila a 2022, abin da aka sa wa mutum bai wuce cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ba.

Ga kuma wani batu da likitoci suka sani sarai. Wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, jikinsa kan fara yaƙar jinin da bai dace da nasa sosai ba, kuma galibi jinin da ya fi dacewa da shi yana jikin waɗanda suke asali ɗaya. Ke nan yaron Bahaushe mai sikila a Jidda ya fi dogara da jinin Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma.

Don haka muna kira ga shugabannin al'ummarmu a can da su tsara rajistar masu ba da jini tare da asibitocin birnin, musamman yanzu da ba a zaune wuri guda kamar da.